Pandoc ko LibreOffice: Wanne Za Ka Ɗauka?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wajen sauya fayil daga wani tsari zuwa wani. Dukansu manhajojin kwamfuta ne na kyauta, kuma suna aiki ba intanet.

Pandoc, wanda John MacFarlane ya fitar a 2006, gwani ne kan Markdown (rubutu zalla mai 'yan alamomin tsarawa), HTML (tsarin shafukan intanet) da EPUB (tsarin littattafan lantarki). Ka rubuta pandoc littafi.md -o littafi.docx a tagar ba kwamfuta umarni (terminal), shi ke nan, fayil ɗin Markdown ya koma na Word. Sai dai yana zubar da kwalliyar shafi. In PDF kake so, ƙara --pdf-engine=xelatex da samfurin haruffa mai ɗ da ƙ, in ba haka ba aikin ya cije. Wannan yana damuna ƙwarai.

LibreOffice kuwa, da umarnin soffice --headless --convert-to pdf, yana riƙe kamannin takardar Word, amma yana da nauyi.

Marubuci mai son rubutu ɗaya ya fita a sigogi da dama, Pandoc ne nasa. Mai takardun ofis ya riƙi LibreOffice.