Felet da sulog a yadi 100: ina matsalar take?

Ɗan'uwa, ka ce bindigarka ta iska, PCP (mai tankin matsattsiyar iska) mai faɗin bututu inci .22, tana tara harsashin felet wuri guda a yadi 50, amma da ka koma harsashin sulog don ka ci nisa, a yadi 100 sai harbin ya tarwatse kamar an watsa wa kaji gero. Kafin ka ɗora wa sulog laifi, bari mu jera su mu gani.

Felet yana da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi kamar siket. Wannan siket ne ke kama iska ya riƙe shi a miƙe, shi ne kuma ke cinye masa gudu da wuri, iskar gefe ta riƙa wasa da shi. Sulog kuwa dunƙulen dalma ne, ba shi da siket. Abin da ke tsayar da shi kaɗai shi ne juyin da zanen cikin bututu ke ba shi. Kamar katantanwa yake: in juyin bai isa ba, sai ya fara layi. A yadi 50 ba ka cika ganin layin ba, a 100 ne yake tona kansa. Shi ya sa kamfanin FX na Suwidin ke yin bututu iri biyu a .22, na felet mai juyi ɗaya a inci 24, da na harsashi mai nauyi mai juyi ɗaya a inci 16. Ina kyautata zaton naka na felet ne.

Gudu ma ya bambanta. Felet ya fi natsuwa tsakanin ƙafa 850 zuwa 900 a sakan. Sulog galibi yana son 950 ko sama, don haka saitin da ka bar wa felet ba zai wadatar da shi ba.

Takardar da ka harba za ta gaya maka sauran. In ramukan sun yi tsawo maimakon zagaye, harsashin a karkace yake isa: ka nemi gajeren sulog mara nauyi, ko ka ƙara gudu. In sun jeru daga sama zuwa ƙasa, gudun ne ba ya tsayawa daidai, sai ka auna harbi goma a jere da na'urar auna gudu ka duba regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar bindigar. In daga hagu zuwa dama ne, iskar gefe ce, ba ruwan bindiga.

Wanda ya fi wahalar da mutane shi ne faɗin harsashi. Siket ɗin felet yana buɗewa ya cika kowane bututu, sulog ba ya yin wannan alfarmar. Sulog ɗin kamfanin JSB mai suna KnockOut na zuwa a faɗin inci .216 da .217, na kamfanin H&N a .217 da .218, kuma wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa ya gyara ko ya ɓata maka harbi. Ga kuma matsin da ake yi wa bakin bututun felet, wanda yake iya karce sulog. Sayi kaɗan-kaɗan daga kowanne ka gwada, kada ka jibgi gwangwani biyar na iri ɗaya. Ka kuma wanke bututu kafin gwajin, sulog ya fi barin dalma a ciki.

Ni dai in harbina bai wuce yadi 60 ba, felet ɗin JSB mai nauyin giren 18.13 nake sawa: ya fi araha, bai kuma cin iskar tanki sosai. In ka tsaya kan sulog, ka tabbata akwai tudun ƙasa a bayan abin harbinka, domin yana tafiya nesa fiye da felet sosai.