Ƙofa mai ƙafa 7 ko mai ƙafa 8, in silin ɗinka ƙafa 12 ne

Jiya na leƙa ginin wani ɗan uwa a Agege, silin ya kai ƙafa 12 amma ƙofar falo ƙafa 7 ce, wato mita 2.1, irin wadda ake saidawa a shirye. Wallahi ta nutse a bangon, sama da ita fili ne ƙato ba komai sai fenti. Amfaninta dai arha, in ta lalace ka shiga kasuwa ka ɗauko wata ka maƙala.

Mai ƙafa 8 kuwa, mita 2.4, ita ke tafiya da dogon ɗaki, iska ma ta fi ratsawa, kuma kun san zafin Legas in an ɗauke wuta. Sai dai sai kafinta ya haɗa maka, tana da nauyi, kuma katakon in bai bushe sosai ba damina na shigowa zai kumbura ta fara cijewa. Tun wajen zuba linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa, za ka gaya wa birkila, in ba haka ba sai an fasa.

Ni dai falo ƙafa 8, ƙofa mai lanƙwasa a sama kamar baka, mai shiga dainin (wurin cin abinci), ta ɗan ɗara ta saboda lanƙwasar na cin tsawo ta gefe. Banɗaki da sito a bar su a 7.