Kubwa, Gwarinpa, Lugbe ko Mararaba: Ina Za Ka Kama Haya Idan Aiki Ya Kawo Ka Abuja?

Ƙanina da ke aiki a Kano ya kira ni makon jiya. Ya ce ana raɗe-raɗin za a mayar da shi hedikwatar ofishinsu a Abuja, yana so in faɗa masa unguwar da zai fara neman gida. Na ce masa kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya zo ya kwana uku a garin ya ga hanya da idonsa. Ƙarin albashin da ake kwaɗaita masa, haya da kuɗin mota na iya lamushe shi tun wata bai raba ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, nisan gidanka da ofis ya zama rabin magana.

Maitama da Asokoro da Wuse 2 ba na mai jiran ƙarshen wata ba ne, mu wuce. Mararaba tana da sauƙin haya, amma a jihar Nasarawa take, kuma cunkoson hanyar Keffi, daga Nyanya zuwa Kugbo har mahaɗar AYA, zai sa ka fita kafin asuba ka dawo 'ya'yanka sun yi barci. Lugbe tana kan titin filin jirgi, titin kuwa shimfiɗaɗɗe ne, sai dai gidaje da yawa a can da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa suka dogara. Lokogoma ba na kai mutum, don kusan kowace damina sai an ji labarin ambaliya. Gwarinpa, wadda aka gina a zamanin Abacha, tsararriyar unguwa ce mai faɗin tituna, ga ta kusa da Jabi da Wuse. Idan ofishinku ne zai biya maka haya, kama can. Idan daga aljihunka ne, ƙara gaba kaɗan a kan titin nan ɗaya, ka iso Kubwa.

Ni a Kubwa nake zaune, kuma ita na zaɓar wa ƙanina. Dalilina na farko ruwa ne. Madatsar Usuma da ke shayar da Abuja tana nan kusa, wajen Ushafa a ƙaramar hukumar Bwari, wadda Kubwa ma ke cikinta. Ɓangarorin da gwamnati ta tsara, irin su Phase 2, Phase 3, Phase 4 da PW, da yawansu suna samun ruwan famfo. Wanda bai taɓa sayen ruwan jarka a watan Maris ba, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa mai ruwa ke ƙara kuɗi, ba zai san darajar wannan ba. Na yi shekara guda a haka a wata unguwa, ga jariri a gida, ga wanki kullum. Tun daga nan, duk gidan da aka kai ni, famfo nake fara murɗawa kafin in ɗaga kai in dubi silin.

Na biyu hanya ce. Babban titin Kubwa mai layi goma yana kai ka Berger da Wuse da Sakatariyar Tarayya. Akwai cunkoso da safe, ban ɓoye ba, amma mota tana motsawa. Ga ɗan Arewa kuma akwai abin da ya fi wannan: idan ka juya ta ɗaya ɓangaren, Dei-Dei ce, sai Zuba, sai hanyar Kaduna, ba sai ka ratsa cikin gari ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana tsayawa a tashar Kubwa kafin ya wuce Rigasa. Wanda iyalinsa za su ɗan zauna a Kano ko Zariya kafin ya kwaso su, ranar Juma'a da yamma zai gane amfanin haka. Ga babban asibitin gwamnati a cikin gari, ga masallatan Juma'a da Islamiyyu, ga kasuwar Dutse Alhaji, ragon layya kuwa Dei-Dei na maƙwabtaka. Sai dai Kubwa suna ne mai faɗi. Can cikin Byazhin ko Chikakore ma Kubwa dillali zai kira maka, alhali idan ruwan sama ya sauka ɗan acaba ma sai ka roƙe shi. Ka tambayi sunan layin, ka auna tafiyarsa zuwa bakin titi da ƙafarka.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato 'yan damfara. Shekarar da na fara zuwa, wani mutum ya nuna mini ciki da falo mai kyau, da makulli a hannunsa. Ya ce mai gidan yana ƙasar waje, kuma wani zai biya gobe idan ban yi sauri ba. Na tura rabin kuɗin shekara zuwa asusun da ya ba ni. Ranar da na zo da kaya, na tarar da wani bawan Allah shi ma riƙe da rasit irin nawa, lambar mutumin kuma a kashe. Ashe makullin daga hannun mai gadi ya aro shi. Kuɗin nan bashi ne na ci, sai da na shekara ina biya.

Saboda haka, makulli ba shaida ba ne, rasit ma ba shaida ba ne. Kar ka biya sisi sai ka ga mai gida ido da ido, ko lauyan da ke kula da gidan a ofishinsa. Sunan da ke kan asusun banki ya zama shi ne ke kan takardar yarjejeniya. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi: gidan nan na wane ne? Duk wanda ya ce maka "wani zai biya yau", bar shi ya biya. Hotunan da ake sakawa a Facebook da WhatsApp da farashi mai rahusa, sau da yawa na wani gida ne daban, burinsu ka tura kuɗin duba gida su ɓace. Ko dillalin gaskiya ne, ka sa ya rubuta maka jimilla tun farko, domin bayan haya akan ɗora kashi 10 na dillali, kashi 10 na lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rukunin gidaje kuma har da kuɗin gadi da shara na shekara. Ka dubi katanga ma: jan fenti da alamar rusau ba ado ba ne, kuma wasu kan shafe shi kafin su kawo ɗan haya.

Sai mitar wuta. Ka karɓi lambarta, ka sayi wutar dubu ɗaya a gabansu ka ga abin da zai shiga, don bashin wanda ya tashi yakan zauna a kanta, ana yanka duk lokacin da ka saya. Ka tambayi rukunin da layin wutar yake ciki. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, to mai firji da na'urar sanyaya ɗaki ya sa wannan a lissafinsa.

Ƙanina zai iso ranar Lahadi. Litinin da ƙarfe bakwai na safe zan tsayar da shi a bakin titin Kubwa ya hau motar haya zuwa ofishin nasu, a tasha ba a gefen hanya ba saboda 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, ya rubuta minti nawa ya ɗauka da nawa ya kashe. Talata kuma mu gwada daga Gwarinpa, sannan mu fara kiran dillalai.