Filash ko asusun Microsoft: wanne ya fi wajen kwashe saitin tsohuwar kwamfuta?

Ƙanena mai shagon buga takardu kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ya ƙaro kwamfuta, yana son fuskarta ta zama sak irin ta tsohuwar. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko filash. Ka kwafi jakar Desktop ka zuba a sabuwar, ko sisi ba ka kashe a data ba. Sai dai shotkot, wato alamar da kake dannawa a Desktop don buɗe manhaja, ba ita ce manhajar ba, ɗan fayil ne mai ƙarewa da .lnk, adireshi kawai yake riƙe. Idan babu manhajar kanta, misali CorelDraw ta zane, a sabuwar, ko faifan da yake E a can ya koma F a nan, sai ka danna ka ji wayam. Hoton fuskar kwamfuta da sauran saiti kuwa da hannu za ka sake su. Ga kuma cutar nan mai mayar da jakunkuna shotkot, wadda filashin ɗalibai ke yawo da ita shago-shago.

Ta biyu, ka shiga duka biyun da asusun Microsoft guda. Hoton fuska, harshe da kalmomin sirrin Wi-Fi za su biyo ka, OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ta ɗauko Desktop. Gigabait 5 ne kyauta, kuma data take sha, balle ranar da sabis ya yi nauyi.

Firinta fa, duk hanyar da ka bi sai an sake ɗora mata direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta.

Na ce masa ya sayi sabon filash, tunda hotunan biki sun cika masa Desktop.