Tsakanin Zafin 2003 da Ruwan 2013 a Gonakin Inabin Bordeaux

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa masu cinikin jar giyar inabi ta yankin Bordeaux, a kudu maso yammacin Faransa, suke duba shekarar da aka rubuta a jikin kwalba kafin su yi mata kuɗi, sannan ka nemi sanin wadda ta fi cutar da manoma tsakanin 2003 da 2013. Shekarar da ke jikin kwalbar ita ce wadda aka tsinki inabin a cikinta, saboda haka duk abin da gonar ta gani tun daga fitar fure har zuwa girbi yana nan cikin ɗanɗanon giyar.

A 2003 zafi ne ya addabi gonaki. A watan Agusta ya kai digiri 40, kuma shi ne zafin da ya yi ajalin mutane kusan 15,000 a Faransa. Idan ƙishirwa ta tsananta wa kurangar inabi, takan dakatar da aikinta don ta tsira da ranta, sai 'ya'yan su tsaya ba su ƙarasa nuna ba alhali fatarsu tana ƙonewa. Manoman da suka cire ganye kamar yadda suka saba, domin rana ta riƙa samun 'ya'yan, sun tarar da gefen da ke fuskantar rana ya yamushe ya koma kamar zabibi. An fara girbi da wuri ƙwarai, sukari ya yi yawa, tsami ya yi ƙaranci, giyar kuma ta fito da ƙarfi da nauyi da ƙamshin busassun 'ya'yan itace.

Sai dai wannan fari bai taɓa kowa daidai ba, kuma a ganina nan ne amsar tambayarka take. Gonakin da ke kan yashi da tsakuwa a ɓangaren Pomerol sun bushe da sauri, irin inabin Merlot da ake nomawa a can kuma ya sha wahala. A Saint-Estèphe kuwa, inda yumɓu yake ƙarƙashin tsakuwa yana riƙe danshi, irin Cabernet Sauvignon mai kaurin fata ya jure har ya nuna sosai, shi ya sa har yau ake yaba giyar da gidan Montrose ya yi a wannan shekara.

A 2013 lamarin ya juya. Sanyi da ruwan sama sun riski kurangar a watan Yuni tana tsakiyar fure, furanni da yawa suka zube ba su ƙulla 'ya'ya ba, musamman na Merlot, wanda shi ne irin da aka fi shukawa a yankin. Ranar 2 ga Agusta ƙanƙara ta ragargaza gonaki masu yawa a Entre-Deux-Mers. Da aka kai ƙarshen Satumba sai ga ruwa haɗe da ɗumi, 'ya'yan suka kumbura suka fashe, fumfuna mai launin toka ta bi su tana ruɓar da su. Manomi ba shi da zaɓi: in ya jira inabin ya ƙarasa nuna sai ya ruɓe, in ya tsinka nan take sai ya samu mai ƙarancin zaƙi. Da yawa sun tsinka cikin gaggawa, suka zuba a kan teburi suna tsince ruɓaɓɓun da hannu, wasu kuma suka ƙara sukari kafin a tsima ruwan. Girbin ya zama mafi ƙanƙanta tun 1991, giyar ta fito marar kauri, launinta bai yi duhu ba, tsaminta ya fito fili, kuma ba ta jure doguwar ajiya.

Don haka ni na fi ɗora nauyin ɓarna a kan 2013. A 2003 mai gona a kan yumɓu ya samu abin alfahari, amma a 2013 ruwa ya rage yawan amfanin tun daga fure, ya dawo ya rage ingancinsa a bakin girbi, kuma ƙaramin manomin da ba shi da kuɗin ɗaukar ma'aikatan tsince ruɓaɓɓen inabi shi ne ya fi kowa jin jiki.