Sola a tsibiran Tafkin Chadi: wacce za ka saya?

Wutar gwamnati ba ta kai yawancin tsibiran Tafkin Chadi ba, man janareta kuma sai an yi dakonsa a kwale-kwale, ya iso da tsada. Shi ya sa masunta suka koma ga sola. To amma sola suna ta tara.

Mafi araha ita ce fitila mai ɗan farantin sola da ramin cajin waya, irin ta kamfanin Sun King ko d.light. Ga wanda ke bin ruwa, bana a wannan tsibiri baɗi a wancan, ta wadatar. A duba ko tana cikin kayan da VeraSol, mai gwada ingancin kayan sola, ta tantance, domin jabu sun cika kasuwa.

Sai ta gida: faranti, batir, ƙwayaye uku ko huɗu, wataƙila da fanka. Akwai masu bayarwa a biya kaɗan-kaɗan ta waya, amma ranar da biya ya tsaya na'urar kulle kanta take yi. Inda sabis ke ɗaukewa kwana da kwanaki, a yi tunani.

A batir ake tafka asara. Mai ruwa ya fi sauƙin kuɗi, sai dai rabin cajinsa kawai ake sha. Mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, naka 1,200 ne. Ka riƙa zuƙe shi ƙarƙaf, ya mutu da wuri. Ga nauyi, ga neman ruwan batir, zafin bazara kuma yana cin kwanansa. Lithium nau'in LiFePO4 ana shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, mutum ɗaya ma ya saka shi a jirgi. In aljihu zai iya, shi zan ce a saya, ko da za a rage girman faranti.

Babbar tashar gari, wadda za ta ja firiza a daina dogaro da bandar kifi kaɗai, ba sayayyar mutum ɗaya ba ce. Tsibiran Tokelau da ke tekun Pasifik sun yi tasu a 2012, amma da kuɗin New Zealand, kuma mutanensu zaunannu ne. A tafkin da ruwa ke matsawa, rashin tsaro kuma ke tayar da gari, kafin a kafa sai a san wa zai karɓi kuɗin wata, wa zai share ƙurar hunturu daga faranti, kuma daga wane gari mai gyara zai taso in inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta ƙone.