Gargaɗi: firam ɗin go-kat na tsere da ake sayarwa da sunan kromoli

Masu sha'awar haɗa go-kat (ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya) ɗin tseren miƙaƙƙen layi, a yi hattara da masu tallar firam a Facebook da WhatsApp suna cewa "kromoli 4130 ne, waldar TIG, ɗan waje". Kromoli 4130 wani nau'in ƙarfe ne mai ƙarfi sosai, TIG kuma walda ce ta lantarki da ake yi a ƙarƙashin iskar argon. Damfarar kala biyu ce. Ta farko, hotunan na wani gareji ne a Amurka, aka sato. Za a nemi kafin alƙalami mai tsoka, sannan kuɗin kwastan, sannan kuɗin mota, daga nan lamba ta daina shiga. Wannan mai sauƙi ce: saka hoton a Google Lens, ka kuma nemi a kira ka ta bidiyo a gaban kayan. Idan sunan da ke kan asusun banki ya saɓa da na mai tallar, tsaya nan.

Ta biyun ta fi muni, domin kaya zai iso. Firam ne sumul, ya sha fenti, amma da fayif ɗin ƙera kujera da ƙyauren gida aka yi shi. Go-kat ba shi da sifirin ko shokozoba. Duk wata jijjiga da murɗawar da inji ke yi lokacin tashi, firam ne ke ɗauka. Idan ya karye kana tsakiyar gudu a layin mita 201, tsakaninka da kwalta bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Ƙaryar da suka fi yi ita ce, "ɗaga ka ji, ba shi da nauyi, ai kromoli ke nan." Ba haka ba ne. Kromoli da ƙarfen gama-gari nauyinsu ɗaya, kusan giram 7.85 a kowane santimita kubik. Abin da ya bambanta 4130 shi ne ƙarfi: yana da kromiyam kusan kashi 1 cikin 100 da ɗan molibdinam, yana jure jan da ya kai wajen MPa 670 (MPa ma'aunin ƙarfin ƙarfe ne), alhali fayif ɗin kasuwa mai ɗinki bai cika wuce 400 ba. To idan firam ya yi sakayau fiye da kima, bangon fayif ɗin ne siriri. Firam ɗin kat na ƙwarai ana yin sa da fayif mai faɗin milimita 28, 30 ko 32, kaurin bango kusan milimita 2. Mita ɗaya na mai faɗin 30 da kaurin 2 yana auna kilo 1.38. Mai kaurin 1.2 kuwa giram 850 kacal. Ka ce a ba ka guntun da ya rage daga yanka, ka ɗora a sikeli, ka auna bakinsa da ma'aunin kauri. Mai aikin gaskiya ba ya rasa guntu a ƙarƙashin tebur.

Da guntun a hannunka, haska cikinsa da tocila. Idan ka ga layin ɗinki ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, fayif ne na gama-gari da aka naɗe aka like. Kromoli na firam ba shi da wannan tudun a ciki, kuma masana'anta na buga masa rubutu a jiki, irin su 4130 COND N, tare da lambar narkin da ya dace ta yi daidai da ta takardar shaidar ƙarfen. Mayen ƙarfe ba zai raba maka gardama a nan ba, duka biyun yana kama su. Kada a ruɗe ka da shi.

Ba wai ƙarfen gama-gari haramun ba ne. Fayif na DOM (wanda aka sake ja bayan ɗinki har cikinsa ya yi sumul) mai kauri sosai yana yin firam mai kyau ga ƙaramin inji irin Honda GX200 ko Predator 212. Laifin shi ne a karɓi kuɗin kromoli a ba ka na kujera. Wanda ba a yarda da shi ko kaɗan shi ne farin fayif ɗin ruwa: tutiyar da ke jikinsa tana ƙonewa wajen walda, ta bar ramuka a cikin ɗinkin, hayaƙinta kuma ya kwantar da mai waldar da zazzaɓi.

Sai walda, inda aka fi ɓoye ha'inci. Hukumar tseren NHRA ta Amurka ta shardanta cewa kromoli sai da TIG za a yi masa walda, ta kuma hana a gurje walda bayan an gama. Dalilin a fili yake: gurza tana ɓoye aibi. Macuci kan yi waldar sanda a kan siririn fayif, wuta ta huda nan, ta ƙi kamawa can, sai ya gurje, ya shafe da filar gyaran jikin mota, ya fesa fenti. Saboda haka duk mahaɗar da ka gani santsi kamar an zuba ta a tukunya, ka zarge ta. A nan ne mayen ƙarfe ke da amfani: ɗora ƙarami a kan mahaɗar, idan kamunsa ya yi rauni, akwai fila a ƙasa.

Waldar TIG ta gaskiya tana da ƙananan tudu jere kamar an kwantar da tsabar kuɗi, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, babu rami a gefenta. Tambayi wace waya aka yi amfani da ita. Amsar da ake jira ita ce ER70S-2 ko ER80S-D2, da iskar argon zalla. Tambayi yadda ake sanyaya ta. Wanda ya ce yana watsa ruwa don ya yi sauri, ya cuce ka, domin 4130 idan ya huce farat ɗaya gefen waldar yakan bushe ya yi gautsi, ya tsage ba tare da ya fara lanƙwashewa ba. Haka nan bakin kowane fayif sai an fafe shi ya rungumi ɗan'uwansa ba tazara. Cike giɓi da narkakkiyar waya ba haɗi ba ne.

Dubi kwanoni ma. Fayif ɗin da aka gasa da wuta aka tanƙwara da hannu yakan baje ko ya yi tamoji ta ciki, kuma nan zai fara karyewa. Auna faɗinsa a tsakiyar kwana ta ɓangare biyu, ka kwatanta da inda yake miƙe.

Kafin ka biya ragowar kuɗi, ajiye firam ɗin a shimfiɗaɗɗen daɓe. Kada ya yi rawa. Ja tef daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan akasin haka. Bambancin kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Zura aksil ɗin baya cikin mazaunan boris, ya kamata ya shige ya juya da hannu ba tare da guduma ba. Firam ɗin da ba a ɗaure a teburin saiti ba lokacin walda zafi yakan murɗe shi, kat ɗin ya riƙa ja gefe ɗaya, cen ya riƙa zamewa. Kan kowane bol na sitiyari da birki ya nuna 8.8 ko 10.9.

Sharaɗin da ya fi kowane tsare ka shi ne ka rubuta a yarjejeniya cewa za ka karɓi firam ɗin ne ba tare da fenti ba. A tsirararsa za ka fesa maganin gano tsaga mai gwangwani uku: ka wanke, ka fesa jan, ka jira minti 10, ka goge, ka fesa farin. Duk inda jan layi ya fito a kan fari, akwai tsaga. Biyan kuɗi kuma a raba shi uku: bayan ka ga fayif da rubutunsa, bayan an ɗiga walda a kan tebur, sai na ƙarshe bayan wannan gwajin.